Filasko, shayin leda da baƙar kwalba: abinda na gani a wani shagon magani na Aboabo

Akwai wani shagon maganin gargajiya a Aboabo idan ka baro tasha kamar zaka Asawase, ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi, mai shagon kuma dattijo ne da nake ganin girmansa. Abinda yafi fita a wajensa maganin wankin ciki ne da na basir, musamman bayan Sallar layya da mutane suka ci nama suka manta da ruwa, da kuma ƙarshen azumi. Ni malamin kimiyya ne a wata makaranta a nan Kumasi, a Tech wato jami'ar KNUST nayi karatu, to shi yasa idan na shiga irin wuraren nan idona yafi zuwa kan takarda da bayan kwali.

Tsakani da Allah shagon yana da tsabta, wannan kam ba'a cewa komai. Ganyayyaki ba a ƙasa suke ba, an shanya su a kan katako a ciki inda ƙura da kaji basa kaiwa, wanda ya bushe an ƙulle a leda an rubuta wata da shekara da maka. Yaron shagon baya sa hannu cikin buhu, da ludayi yake ɗiba. Abinda yafi burge ni ma shine Malam baya miƙo maka magani haka kawai, sai ya tambaya na waye, babba ne ko yaro, mace ce, tana da ciki ko tana shayarwa, a gabana ya hana wata mata filasko da tace ɗanta ɗan shekara biyar zata ba, yace mata Hajiya je ki jiƙa masa tsamiya ki bashi gwanda ya sha ruwa sosai, idan bai yi ba ki kai shi asibiti. Duk wanda ya taɓa shiga motar Tamale ko ta Accra yaji masu tallan magani suna rantsuwa kwalba ɗaya tana maganin cuta ashirin ya san wannan ba ƙaramin abu bane. Inda suka gaza, wurin a matse yake ga zafi, sannan kwalaben ruwan magani a bakin ƙofa aka jera su rana na dukan su tun hantsi.

Kayan wankin cikin iri uku ne. Akwai ganyen filasko zalla a ƙullin leda sidi 10, akwai shayi na cikin kwali irin mai ƴar jaka da zare sidi 35, wani kamfani ke yi su sari suke, sai kuma wata baƙar kwalba sidi 50 wadda babu komai a jikinta sai suna da hoton ganye da lambar waya, ita ce yaron yafi turawa mutane, wai ita ce mai ƙarfin.

Filasko dai filasko ne, kakanninmu sun san shi, kuma nasu mai kyau ne, kore shar ba ƙasa ba itace a ciki. Na saya wa Mma da cikinta ya ɗaure, aka jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi ta sha bayan isha'i, kafin a fito sallar asuba ta zaga, ya ɗan murɗa mata ciki amma ba irin wanda zai sa mutum ya durƙusa ba. Haka yake aiki dama, awa 8 zuwa 12 yake ɗauka, saboda sinadarin dake ciki wanda ake kira sennoside baya yin komai a tumbi, sai ya gangara babban hanji ƙwayoyin bakteriyan dake can su farfasa shi sannan ya tsokani hanjin ya fara matsawa ya kuma tara ruwa. Shi yasa masu cewa sun sha awa biyu shiru su ƙara wani kofin suke kwana a bayi. Fitsari ma yana iya canja kala ya koma ja-ja, kada wani ya tsorata. Matsalar ƙullin leda ɗaya ce, ba awo. Hukumar magunguna ta Turai tace babba ya tsaya tsakanin miligiram 10 zuwa 30 na sinadarin a rana, to kai da aka ce maka ɗebi da yatsu uku ina zaka san ko nawa ka sha, ganyen bana ma ba lallai ƙarfinsa yazo ɗaya da na bara ba.

Shayin kwali yafi ta wannan ɓangaren. Yana da lambar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Gana, an rubuta abinda ke ciki, filasko ne da citta da na'ana'a, ga ranar lalacewa, ga gargaɗin kada mai ciki ta sha. Jaka ɗaya kofi ɗaya, ba ruwanka da yatsu uku. Ni shi na sha, ɗanɗanon ba laifi, citta ta danne ɗacin kuma murɗar bata kai ta ganye zalla ba. Abinda ban so ba a gaban kwalin an zana mace siririya da tef a ƙugu, alhali a baya da ƙananan haruffa an ce kada a wuce sati ɗaya ana sha. Wa zai rame a sati ɗaya? Sun san me suke yi.

To sai baƙar kwalba. Na buɗe na shinshina na ɗan taɓa a harshe, ɗaci kamar me, irin ɗacin da duk wanda ya taɓa yanka ganyen alobera ya lashi ruwan ɗorawan nan dake tsatsafowa ƙarƙashin ɓawon ya sani. Nace Malam me da me ke ciki? Yace Ticha ai sirrin mai haɗawa ne, amma akwai alobera da filasko da wasu saiwoyi. Nace ya ake sha, yaron ya riga shi amsawa wai murfi biyu kullum da daddare, dattin ciki baya taruwa, akwai masu shekara biyu suna sha. Nace Malam dan Allah an gwada wannan kuwa? Sai ya nuna min wata takarda a firem a bango yace gashi nan ɗana, har jami'a aka kai, suka ce ba guba.

Na roƙi izini na matsa na karanta. Takardar gaskiya ce ba ta bogi ba, da hatimi da sa hannu. Amma abu na farko, sunan dake kanta na shayin kwalin ne, ba na kwalbar ba. Abu na biyu, gwaji uku aka yi: an duba ko akwai ƙwayoyin cuta da fumfuna, an duba rukunin sinadaran dake ciki, sannan an yi gwajin guba na gaggawa. Shi wannan na ƙarshen yadda ake yinsa, ana ɗura wa ɓeraye maganin da yawa lokaci guda, miligiram 2000 ko 5000 a kan kowane kilo na nauyinsu, a zuba musu ido kwana 14 a ga ko zasu mutu ko su rame ko su canja hali. Idan sun wuce lafiya sai a rubuta. Gwaji ne mai amfani, ban raina shi ba, yana gaya maka abin nan ba zai kwantar da kai yau ko jibi ba. Amma mai shan murfi biyu kullum shekara biyu ba tambayarsa kenan ba, tasa tambayar ita ce shin abin nan yana taɓa ƙwayoyin gado na cikin hanjina a hankali, kuma wannan takardar ko kusa bata leƙa wajen ba.

Bari in ɗan tsaya a nan dan shine dalilin da yasa na zauna rubutun. Fatar cikin hanji kullum sabuntawa take, cikin ƴan kwanaki ta canja gaba ɗaya, kuma duk ƙwayar halittar da zata rabu biyu sai ta kwafi rubutun gadon dake cikinta wato DNA. Kamar almajiri ne da ya kwafi allo da kuskure, duk wanda ya kwafa a wajensa da kuskuren zai tafi, shi ma ya ba na gaba. Akwai sinadaran da ke jawo irin wannan kuskuren ko su tsinka zaren, ba ciwo ba zazzaɓi ba alama, jiki yana gyara mafi yawa, wanda ya kuɓuce ya taru shekara da shekaru shine wani lokaci yake zama ciwon kansa. Ɓeran da aka kalla kwana 14 ba zai nuna maka wannan ba ko da yana faruwa.

Gwajin wannan daban yake. Na farko da ake fara yi sunan wani Ba'amurke Bruce Ames aka sa masa, shi ya fito da shi a shekarun 1970, kuma dabarar tana bani sha'awa har yau. Ana samo bakteriyan Salmonella da aka nakasa da gangan yadda basa iya haɗa wani sinadarin abinci da suke buƙata mai suna histidine, a shimfiɗa su a faranti da babu shi sai ɗan mitsitsi, kaga ba zasu yaɗu ba kenan. Sai a zuba ruwan maganin da ake zargi, a ajiye a ɗumin digiri 37 kwana biyu zuwa uku. Idan maganin yana birkita rubutun gado, wasu daga cikinsu zasu samu canjin da zai warware musu nakasar su fara hayayyafa, sai kaga ɗigo-ɗigo sun cika farantin, a ƙirga a kwatanta da farantin da ba'a zuba komai ba. Har ruwan hantar ɓera ake haɗawa a wasu farantan, saboda akwai sinadarin da lafiya lau yake sai hanta ta sarrafa shi sannan ya zama mugu. Bayan wannan akwai wanda ake ba ɓera maganin a ciro ɓargonsa a duba jajayen ƙwayoyin jini sababbi a madubin lab, idan wani guntun zaren gado ya ɓalle zaka ganshi ɗan ɗigo a gefe shi kaɗai. Akwai kuma wanda ake sa ƙwayoyin hanji ko na hanta a wani abu mai kama da kamu a ratsa wutar lantarki, DNA ɗin da ya kakkarye sai ya ja jela kamar tauraro mai wutsiya, tsawon jelar shine yawan ɓarnar.

Mu a makaranta wanda muka yi da hannunmu na albasa ne, dan shi ne mai araha. Ka ɗora albasa a bakin ƙaramar kwalba gindinta na taɓa ruwa, idan saiwa ta fito fara sol kamar rabin ɗan yatsa sai ka mayar da ita cikin ruwan maganin, wata kuma ka barta a ruwa zalla. Bayan kwana biyu ka yanko ƙarshen saiwar ɗan mitsitsi, ka rina, ka danne da babban yatsa tsakanin gilasai biyu ka leƙa. A mai lafiya zaka ga zaren sun jeru a tsakiya sun rabu gida biyu tsaf, a wadda aka taɓa kuwa wani ya maƙale ya zama gada tsakanin ɓangarorin wani an baro shi a baya. Albasa ba mutum bace, wannan ƙararrawa ce kawai da ke cewa a je a yi babban gwaji, amma ina faɗa ne dan a san abin ba tsafi bane, ana gani da ido.

Kuma an yi waɗannan gwaje-gwajen a kan ainihin ganyayyakin da muke magana. Filasko da alobera da wasu saiwoyin wankin ciki dangin sinadari ɗaya ne ke sa su aiki, a cikin dangin akwai emodin da aloe-emodin da danthron, su ne aka fi zargi. Danthron tun 1987 aka janye shi daga kasuwa a Amurka bayan ya jawo ƙari a ɓeraye. A 1998 hukumar FDA ta Amurka, ba tamu ta Gana ba, ta nemi kamfanoni su kawo sakamakon gwajin ƙwayoyin gado da na kansa a kan alobera da filasko da wani ɓawon itace cascara, masu alobera da cascara basu kawo ba, a 2002 aka cire su daga jerin maganin bayan gida da ake sayarwa ba takardar likita. A 2013 wani shirin binciken guba na gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton ɓerayen da aka shayar da ruwan ganyen alobera dungurungum, ɓawo da ruwan ɗacin da komai, tsawon shekara biyu, an samu ƙari a babban hanjinsu. Daga baya cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan ruwan a rukunin 2B, na abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa ga mutum. A 2018 hukumar lafiyar abinci ta Turai tace aloe-emodin ya nuna yana taɓa ƙwayoyin gado har a jikin dabba, kuma ta kasa faɗin adadin da za'a sha kullum a zauna lafiya, a 2021 Tarayyar Turai ta hana sa su a abinci da kayan ƙarin lafiya, filasko kuma aka ce a ci gaba da sa masa ido. Kamfanonin alobera sun kai ƙara, a Nuwamban 2024 kotu ta soke sashen dokar saboda an yi haramcin kuɗin goro ba tare da duba yawan sinadarin dake cikin kowane kaya ba. Kaga har can rigimar bata mutu ba, amma kotu dai bata ce ku je ku sha kullum ba.

Kada wata ta je ta tuge aloberar bayan ɗakinta. Farar tsokar nan mai yauƙi ta tsakiya da ake shafawa a ƙuna ko a gashi ba ita ake magana ba, ruwan ɗorawan mai ɗaci ne, shi ne mai sa gudawa, kuma shi na ɗanɗana a kwalbar.

Filasko nasa labarin da sauƙi. A faranti ruwansa yakan nuna alama a wasu gwajin, amma da aka koma jikin dabba galibi ba'a ga ɓarna ba, shi sennoside ɗin da aka tace ma ya fita lafiya, har yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, a kemis ma zaka samu ƙwayarsa. Duk da haka sharaɗin da aka gindaya masa a Turai shine kada a wuce sati ɗaya sai da likita, ba'a ba yaro ƙasa da shekara 12, mai ciki da mai shayarwa su bari. Wato shi kansa mai takardar wankewar ba'a yarda a mayar da shi shayin dare ba, balle haɗin da ba'a san me da me ke ciki ba, ba'a san nawa aka zuba ba.

Nayi wa Malam wannan bayanin a taƙaice, cikin ladabi, bayan mutane sun ragu. Ya saurara har na gama sannan yace Ticha, ubana ya sayar da filasko ni ma na tsufa a kai, ban taɓa jin wanda ya kashe ba. Nace Malam gaskiyarka, amma Baba murfi biyu kullum yake ba mutane? Yayi dariya yace a'a, da can sai ciki ya ƙi ake nema, wani ma sai shekara. To kaga inda gizo ke saƙar. Shedar kaka da kakanni da ake kafa hujja da ita sheda ce ta shan lokaci-lokaci, wannan na kullum da daddare sabon abu ne da kwalba da talla suka kawo, ga ƴan mata masu neman shafaffen ciki kafin biki sun ɗauke shi kamar lipton. Ba kitse yake cirewa ba, ruwa ne da gishirin jiki, fotashiyam ya ragu mutum ya dinga jin kasala zuciya na bugawa ba daidai ba, mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari ko maganin zuciya abin yafi masa haɗari. Masu leƙa hanji da kyamara a asibiti suna gane mai shan irin wannan ko bai faɗa ba, fatar hanjin takan yi duhu, duk da tana washewa bayan watanni idan an daina. Sannan wanda ya saba, ranar da bai sha ba ciki yayi shiru, sai ya ɗauka datti ne ya taru ya koma ya sayi wata kwalbar.

Abinda yake bani haushi shine ba wai ƙasar nan bata da inda za'a kai ba. Cibiyar binciken magungunan itatuwa ta Mampong Akuapem tun 1975 take, Dokta Oku Ampofo ne ya assasa ta, ga cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon, ga Tech nan ƙofar gidanmu da suke yaye masu digiri a maganin gargajiya tun da suka buɗe kwas ɗin a 2001, har asibitin gwamnati irin Kumasi South akwai sashen maganin ganye. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora wa FDA rajistar irin waɗannan kayan. Mai haɗa kwalbar da ake sayarwa sidi 50 tana fita kamar ruwan sanyi, in yana so zai iya zuwa a auna masa ko nawa ne sinadarin a murfi ɗaya, ya rubuta a jiki, ya yi rajista. Bai yi ba, sai aka bar takardar wani tana masa aiki a bango. Ban ce Malam yayi haka dan ya cuci kowa ba, na fi zaton shi ma yadda aka gaya masa ya ɗauka, amma duk wanda ya tambaya bangon ake nuna masa, kuma yawancin tsofaffin dake zuwa hatimin kawai suke gani.

Ni dai filaskonsu zan sake saya idan buƙata ta taso, shayin kwalin ma haka, kwana biyu uku a ajiye. Kwalbar ko kyauta aka bani bana kaiwa gida. Mma kuwa mun koma mata da ayoyo da kuɓewa da kuka a miyar tuwo, gwanda da safe, an rage mata gari da burodi, ruwa a gora kusa da tabarmar sallarta, cikin yana tafiya ba sai da ganye ba. Amma wanda ya haura 50 yaga bayan gidansa ya canja haka kawai, ko yana ganin jini, ko yana ramewa, dan Allah kada ya tsaya cewa basir ne yana wanke ciki wata da watanni, ya tafi Gee wato babban asibitin Komfo Anokye ko asibitin da yafi kusa a duba shi.

Suna buɗewa wajen ƙarfe takwas su tashi bayan magariba, ranar Juma'a a rufe yake daga sha biyu sai bayan la'asar. Suna karɓar momo wato kuɗi ta waya amma yaron yakan ce a ɗora na cirewa. Idan Malam kake son gani da kansa je da safe, da yamma yaron ne kaɗai kuma shi baya tambayar komai, kwalbar zai fara miƙo maka. Mai mota ya ajiye ta wajen tasha ya taka, layin baya ɗaukar fiye da pragya, keke mai taya uku.